Bayan Hatsarin Mota a Saudiyya: Yadda Za Ka Riƙe Wayarka Kada Ta Zama Shaida a Kanka

Ɗauki misalin direban da ya taso daga Jidda da asuba zai shiga Makka. Ya wuce Shumaisi kaɗan sai ya daki bayan motar da ke gabansa. Ya fito jiki na ɓari, fitilar gaba ta tarwatse, ruwan lagireto na tsiyaya a kwalta. Kafin ya kira kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya ɗora a status na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Alhamdu lillahi Allah ya tsare, barci ne ya ɗan fizge ni." Godiya ga Allah ya yi niyya, da sanar da 'yan'uwa cewa yana raye. Amma mai bincike bai iso ba tukuna, ba a raba laifi ba, shi kuwa ya riga ya rubuta da hannunsa abin da ya jawo hatsarin, da lokaci a jiki, a gaban duk wanda ke da lambarsa.

Wannan kuskure ne da ake yi a cikin mutanenmu na Makka da Jidda da Madina da Riyad. Waya tana da aiki biyu bayan hatsari: kiran hukuma, da tara hujja don fayil ɗinka. Ɗorawa a intanet ba ya cikinsu, kuma a ƙasar nan yana iya zama laifi mai zaman kansa ko da kai aka zalunta a hatsarin.

Minti talatin na farko

Ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar kusurwa uku a bayan mota da tazara, ka fitar da mutane zuwa bayan shingen titi. Sannan ka duba ko akwai wanda ya ji rauni, domin amsar ita ce za ta nuna maka wanda za ka kira. Idan akwai rauni ko rasuwa ko gobara, motar asibiti ta Hilal Ahmar tana kan 997, 'yan sandan hanya, wato Murur, na kan 993, jami'an manyan hanyoyin bayan gari 996, 'yan kwana-kwana 998. A yankunan Makka da Madina da Riyad da Sharƙiyya lambar 911 tana haɗa ka da dukkansu. Idan ƙarfe ne kawai ya lalace, kuma aƙalla ɗaya daga cikinku yana da inshora mai aiki, Najm, kamfanin da ke binciken irin wannan hatsari, shi ke da hurumi, ta manhajarsu ko ta kira.

Hoto kuwa lallai ka ɗauka, manhajar Najm ma da kanta za ta nema. Kafin a matsar da motoci, ka ɗauki kowace mota daga kusurwoyinta huɗu yadda lamba za ta fito, ka matso ka ɗauki wurin da aka bugu, ka ja baya ka ɗauki titin gaba ɗaya yadda za a ga layin da kowa yake, da danja ko allon tsayawa idan akwai, da sawun birki a kwalta, da inda tarkace ya zube. Hoto goma zuwa goma sha biyar ya isa. Kada fuskar kowa ta shiga, musamman mata da yara da wanda ke kwance. Idan motarka tana da kyamarar gaba, ka zare katin ko ka kwafe bidiyon nan take, domin irin waɗannan kyamarori suna ɗora sabon ɗauka a kan tsoho idan kati ya cika, kuma mutane da dama sun rasa hujjarsu a kan hanyar zuwa warsha.

Waɗannan hotuna na mutum uku ne: mai bincike, kamfanin inshora, da lauyanka idan abin ya kai can. Idan za ka tura wa ɗayansu ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ta yau da kullum ba, domin waccan tana matse hoton ta goge bayanan lokacin da aka ɗauka. Asalin kuma ya zauna a wayarka, kada ka yanke, kada ka zana kibiya a kai.

Yadda magana ɗaya ke canja nisba

Mai bincike yana raba laifi da kaso, wanda kowa ke kira nisba: sifili, 25, 50, 75, ko 100. Kuɗin gyara gaba ɗaya a kan wannan lamba yake rataye. Bayan rahoto ya fito za a kai mota cibiyar Taƙdir a ƙiyasta ɓarnar, sannan a shigar da neman biya a kamfanin inshorar mai laifi. A ce an ƙiyasta gyaran motarka riyal 12,000. Idan nisbarka sifili ce, duka za a ba ka. Idan an raba 50 da 50, riyal 6,000 za ka gani, rabin ɓarnar ɗaya motar kuma ya hau kan inshorarka. Wanda bai gamsu da nisba ba yana da damar ƙalubalantar ta, kuma wa'adin gajere ne, na 'yan kwanaki. A cikin waɗannan kwanakin ne abokin hatsarinka yake neman duk abin da zai riƙe. Hoton status ɗinka da ke cewa barci ya fizge ka ya ishe shi.

Kada wani ya ce maka ai maganar waya ba hujja ba ce. Dokar kafa hujja da ta fara aiki a 2022 ta karɓi hujjar dijital a fili: saƙonni, murya, hoto, bidiyo, kuma ta ba ta matsayi irin na rubutacciyar takarda. Kada kuma ka dogara da cewa da Hausa ka yi maganar. Kotuna suna da tafintoci, sannan a Makka da Jidda akwai 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi da yawa, wasunsu suna jin Hausar gidansu sarai. Mai motar da ka daka yana iya zama ɗaya daga cikinsu, ko maƙwabcinsa ya zama.

Al'adarmu ma tana jefa mu a nan. Bahaushe idan abu ya faru yakan ce "ku yafe ni", "ni ne ban lura ba", don a sanyaya zuciya. A baki, a bakin titi, wannan ladabi ne. A rubuce, an fassara shi zuwa Larabci an sa a fayil, ikirari ne. Ba ana cewa ka ɓoye gaskiya ba. Idan mai bincike ya tambaye ka, ka faɗa masa abin da ya faru yadda ya faru, ko da a kanka ne, domin haƙƙin mutane ba abin wasa ba ne. Abin da ake hana ka shi ne yanke wa kanka hukunci a bainar jama'a cikin ruɗewa, kafin ka san ko wancan ya taka birki ba dalili, ko fitilarsa ta baya a mace take. Wanda ya fito daga hatsari yanzu-yanzu bai san rabin abin da ya faru ba.

Akwai kuma abin da ya fi nisba ciwo. Takardar inshorar tilas, wadda ake kira diddal gair, tana ba kamfani damar ya biya wanda aka yi wa ɓarna sannan ya juyo kanka ya karɓi kuɗinsa a wasu halaye: idan ka keta jan danja, ko ka bi hannun da ba naka ba, ko ba ka da lasisin da ya dace da motar, ko an yi amfani da motar a aikin da ba shi aka rubuta a takarda ba. Wannan na ƙarshen ne ke kama mutanenmu. Mutum ya rubuta a rukunin WhatsApp, "ina kan kai fasinja filin jirgi abin ya faru," alhali motar ta gida ce, inshorarta ta gida ce, igamarsa kuma, wato takardar izinin zamansa, ba ta ɗaukar fasinja ba ce. Da layi ɗaya ya buɗe wa kansa ƙofa biyu, ta kamfanin inshora da ta Jawazat, hukumar shige da fice. Allura ta tono garma.

Haka nan abin da ka ɗora kafin hatsarin. Bidiyon Snapchat da ka ɗauka hannu ɗaya a sitiyari, ana jin waƙa, allurar gudu ta fito ɓaro-ɓaro, minti biyu kafin karo. Riƙe waya a hannu ana tuƙi tararsa riyal 500 zuwa 900 ce, wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne sashe na 62 na dokar hanya: wanda ya jawo hatsari ta hanyar ƙetare iyaka ko sakaci har aka rasa rai ko wata gaɓa, ana iya ɗaure shi har shekara 4 da tarar da ta kai riyal 200,000; idan rauni ne da warkewarsa ta wuce kwana 15, har shekara 2 da riyal 100,000. Kalmar sakaci ce ke raba tsautsayi da laifi a wannan sashe, kuma bidiyo irin wancan ita yake tabbatarwa.

Sai masu cewa a rukuni, "a ce wane ne ke tuƙi, shi ke da lasisi." Musanya direba laifi ne a sashe na 63, daidai da gudu daga wurin hatsari da ƙirƙirar hatsarin ƙarya: tara har riyal 10,000, ko ɗauri har wata 3, ko duka biyun, kuma wanda ya taimaka ma yana ciki. Kada ka yi shi, kada ka ba da shawararsa.

"Ko ƙwarzane ban yi ba"

Wannan jimla ita ce ta fi saurin fita, don hankalin na gida ya kwanta. Matsalar ita ce jiki yana ruɗin mutum a sa'o'in farko. Firgici yana danne zafi. Ciwon wuya da ke biyo bayan fizgar kai gaba da baya sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake bayyana. Buguwar kai tana iya zuwa daga baya da jiri da amai da mantuwa. Zubar jini a ciki, musamman inda bel ya matse, tana iya yin shiru na wani lokaci. Don haka ka je asibiti a ranar ko da kana jin garau, ka faɗa musu hatsarin mota ne, a rubuta, ka karɓi rahoto. Rahoton likita ne ke nuna tsawon jinya, kuma a kansa ake gina diyyar rauni.

Yanzu ka duba yadda abin zai kasance idan ranar Litinin ka rubuta lafiyarka lau, ranar Alhamis ka kai takardar ciwon baya. Kai ka san gaskiya ka faɗa duka biyun. Mai duba fayil a kamfanin inshora kuwa aikinsa ya nemi inda magana ta saɓa. Haka hoton da aboki zai ɗora yana nuna ka a filin ƙwallo ranar Juma'a da yamma, ko da kallo kawai ka je, ko kana ɗauke da kwalin kaya a kasuwar Bab Sharif. Hoto ba ya nuna cewa ka kwana kana juyi bayan nan.

Hoton wani, lambar motar wani

Nan ne wanda yake da gaskiya yake komawa wanda ake tuhuma. An buge ka, mutumin ya fito yana zagi, ranka ya ɓaci, ka ɗauki fuskarsa da lambar motarsa ka watsa a TikTok ka ce jama'a su ga azzalumi.

Ƙa'idojin ɗa'ar jama'a da aka fitar a 2019 sun hana ɗaukar hoton mutane kai tsaye ba da izininsu ba, sun kuma hana ɗaukar hatsarin mota ba tare da izinin waɗanda abin ya shafa ba. Tarar riyal 1,000 ce a karon farko, 2,000 idan an maimaita, tare da goge hotunan. Wannan ya fi shafar 'yan kallo, masu rage gudu su zuro waya ta taga, waɗanda kuma su ne ke tare wa motar asibiti hanya. Mai nauyin ita ce dokar laifukan intanet ta 2007. Sashe na 3 ya tanadi ɗauri har shekara 1 da tara har riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ya ɓata musu suna ta kafofin sadarwa. Sashe na 6 ya kai shekara 5 da riyal miliyan 3 ga mai shiryawa ko aika abin da ya taɓa tsarin jama'a ko ɗabi'a ko alfarmar rayuwar mutane. Kalmar aikawa tana cikin dokar, saboda haka "ni turo min aka yi" ba mafaka ba ce. Wanda aka watsa hotonsa kuma ba ya buƙatar wahala, daga manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn zai shigar da ƙara yana zaune a gida.

Kasancewar shi ne da laifi a hatsarin ba ya wanke ka. Shari'a biyu ce daban. Kana iya cin ta farko da nisba sifili, a biya ka riyal dubu bakwai na gyara, ta biyu kuma ta kai ka gaban Niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara. Ga baƙo mai igama, hukunci irin wannan yana iya ƙarewa da tarhil, wato kora daga ƙasar. Garin neman gira a rasa ido.

Idan mutumin ya gudu, lambar motarsa da bidiyon kyamararka ka miƙa wa Murur. Su ke da rajistar motoci da kyamarorin hanya, mabiyanka na Facebook ba su da ko ɗaya. Haka idan kamfanin inshora ne ya ja maka rai ko ya ƙi biya: akwai Hukumar Inshora da aka kafa a 2023, akwai kwamitocin sasanta rikicin inshora. Ka kai ƙorafinka can da lambar fayil, maimakon ka yi bidiyo kana kiran sunan ma'aikaci kana ce masa ɓarawo.

Direban gida yana da ƙarin nauyi. Motar ta kafili ce, wato maigidan da kake wa aiki, shi za ka fara kira bayan hukuma. Hoton da ya nuna uwargida a kujerar baya, ko yara da kayan makaranta, ko ƙofar gidan, yana iya kashe aikin da hatsarin kansa bai kashe ba, domin iyalan ƙasar nan ba sa ɗaukar fitar hoton matansu da sauƙi. Motar kamfani da ta haya ma haka: mai ita ya ji daga bakinka, kada ya gani a wayar wani.

Idan an rasa rai

A nan maganar ta wuce tara da inshora. Duk lokacin da aka yi babban hatsari, irin na bas ɗin da ya yi karo kusa da Madina a Oktoba 2019 inda mutum 35 suka rasu, duk mai ɗa ko miji a ƙasar nan wayarsa ba ta hutawa a gida. A irin wannan yanayi ne wani zai ɗora hoton gawa a gefen titi, ko hoton igamar mamaci, ya rubuta a yaɗa har ya kai ga danginsa. Zai kai kuwa. Tsohuwa tana zaune a tsakar gida a Kano ko Damagaram, jikarta tana latsa waya a gefenta, sai yarinyar ta yi ƙara ta saki wayar. Haka uwa za ta ji mutuwar ɗanta, ba wanda ya zaunar da ita, ba wanda ya karanta mata inna lillahi, kuma hoton da ta gani shi ne zai zauna mata har ƙarshen ranta. Wannan zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Ana kuma yin kuskure. A sanar da rasuwar wanda yake ɗakin tiyata da ransa, ko a haɗa sunan wani da hoton wani saboda su Muhammadu da Abubakar sun yi yawa. Magana zarar bunu ce, gyaran da za ka turo daga baya ba zai bi duk inda ta farko ta shiga ba.

Hanyar da iyayenmu suka bi ita ce daidai har yau. A tabbatar daga asibiti ko Murur. A sami dattijo cikin jama'ar unguwa, ko a Shara Mansur ne ko Karantina, ya kira namiji babba a dangin mamaci, shi kuma ya taka da ƙafarsa ya je gidan. A sanar da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda ko babban ofishi a Riyad saboda takardun jana'iza. Bayan iyali sun ji sun amince, sannan a fitar da sanarwa: suna, lokacin salla, maƙabarta. Ba hoton wurin, ba bayanin wanda ya jawo.

Direban da rai ya salwanta a hannunsa kuwa ya kamata ya yi shiru gaba ɗaya, shi da 'yan gidansa. Akwai haƙƙin hukuma a kansa, akwai haƙƙin magada. Diyyar kisan kuskure da aka tsayar tun 2011 riyal 300,000 ce ga namiji Musulmi, kuma ana ɗora wa direba gwargwadon nisbarsa. Inshora mai aiki takan ɗauki wannan nauyi, wanda shi ya sa buɗe wa kamfani ƙofar juyowa kanka a irin wannan shari'a babbar asara ce. Magada suna da ikon yafewa, abin da ake kira tanazul, kuma da yawa sukan yafe don Allah idan an je musu da mutunci. Abin da ke rushe sulhu shi ne su ga ƙanin direba ya rubuta cewa mamacin ne ya faɗo titi kamar makaho, ko su ga direban kansa bayan kwana uku yana dariya a wurin walima. Dattawa su yi wata guda suna gina magana, hoto ɗaya ya rushe ta.

Tara kuɗin taimako

Karo-karo jininmu ne, kuma abin alheri ne. Amma a Saudiyya tara gudummawa daga jama'a ba tare da lasisi ba haramun ne a doka, kuma ɗora lambar asusunka a rukuni ko a TikTok kana neman a taimaka da kuɗin diyya ko na asibiti ya shiga ciki. Kuɗin da ke shigowa asusun mai ƙaramin albashi daga mutane barkatai yana jawo tambaya daga banki, har a rufe asusun. Hanyoyin da hukuma ta buɗe su ne dandalin Ihsan, da Furijat ga waɗanda bashi ya tsare a kurkuku, da ƙungiyoyin agaji masu rajista. Sannan duk hoton majinyaci da ka saki, ka sani akwai wanda zai kwafe shi a can gida ya manna lambar asusunsa a ƙasa, ya ci da ciwon ɗan'uwanka.

'Yan damfara na nan ma suna jira. Wanda ya ɗora hoton rahoton Najm don a ga nisbarsa sifili ce ya ba su sunansa, lambar igama, lambar mota da lambar fayil. Gobe sai a kira shi da Larabci mai tsabta, a ce daga kamfanin inshora ne, kuɗinsa ya fito, ya faɗi lambar da ta shigo masa yanzu ko ya danna amincewa a Nafaz, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum. Kamfani na gaskiya lambar asusu ta IBAN yake karɓa a cikin takardun neman biya. Ba ya neman lambar sirrin kati, ba ya neman lambar da banki ya turo maka.

To me za a gaya wa 'yan'uwa?

Ba a ce ka bar iyali cikin zullumi ba. Ka kira mutum ɗaya da murya, matarka ko yayanka, ka ce: "Mun sami hatsari a hanya, ina tare da hukuma, zan je asibiti a duba ni, zan kira da dare. Don Allah kada a sa a waya." Wannan ya isa. Babu dalilin hatsari a ciki, babu hukunci a kan lafiyarka, babu sunan kowa. Ka roƙi fasinjojin da ke motar su ma su riƙe hotunansu, domin sau da yawa ba direba ke ɗorawa ba, na kujerar baya ne.

A daren ka zauna ka gyara saitin wayarka. Ka ɓoye wurinka a taswirar Snapchat. A Facebook ka kunna tantancewa yadda ba wanda zai liƙa sunanka a hoto sai ka yarda. Kada ka karɓi sabon aboki da ba ka sani ba har shari'a ta ƙare. Amma kada ka ɗauka wannan ya rufe ƙofa: status yana ɓacewa bayan awa 24, hoton allo da wani ya ɗauka ba ya ɓacewa, saƙon kallo ɗaya ma ana ɗaukarsa da wata wayar. Rukunin 'yan gari mai mutum ɗari biyu kasuwa ce. Shugaban rukuni kuma ya goge duk hoton hatsari da aka turo, ya faɗi dalili sau ɗaya, mutane za su saba.

Idan ka riga ka ɗora

Kada ka firgita ka bi komai da gogewa. Da farko ka adana kwafin abin da ka ɗora da lokacinsa, don ka san ainihin abin da ka faɗa idan an tambaye ka. Idan akwai fuskar wani, ko lambar motarsa, ko wanda ya ji rauni, ka sauke shi yanzu, ka bi waɗanda ka tura wa ka roƙe su su goge. A WhatsApp damar gogewa ga kowa tana ƙarewa bayan kamar kwana biyu. Kada ka rubuta sabon bayani don gyara na farko, domin magana biyu masu karo sun fi ɗaya muni. Idan akwai rauni mai tsanani ko rasuwa, ko an riga an kira ka Murur ko Niyaba, kada ka taɓa abin da ya shafi yadda hatsarin ya faru sai ka ga lauya mai lasisi, saboda gogewa a wannan mataki tana iya zama kamar ɓoye hujja. Ka nuna masa komai, har wanda kake jin kunyarsa. Idan an tambaye ka ko ka ɗora wani abu, ka ce ka ɗora.

Shirun kuma ba ya ƙarewa ranar da mota ta fito daga warsha. Ciwo yana iya tasowa, abokin hatsari yana iya ƙalubalantar nisba, kamfani yana iya juyowa bayan ya biya. Ka jira har kuɗin ya shiga asusu, ka sa hannu a takardar kammala biya, idan akwai rauni ko rai kuma har a rubuta tanazul ko hukunci ya zama na ƙarshe, ka duba dandalin gwamnati na Abshir da Najiz ka ga ba sauran ƙara ko hanin fita a kan sunanka. Rahoton Najm, takardar Taƙdir, rahoton asibiti da asalin hotunan ka haɗa su wuri ɗaya, kwafi a waya, kwafi a takarda, ka ba wani amintacce a gida ya ajiye ɗaya.